Kalmar Sirrin Inna

Ni ɗan fari ne, kuma tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ƙannena tana kiran su gatsal, har da laƙabi da ɗan kirari in sun yi abin kai. Ni kuwa in tana so in zo sai ta ce "kai", in ina nesa ta ce "a kira min wancan", in kuma na yi abin kirki ta dubi bango ta ce, "To." Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, ba ni da bakin ƙorafi. Amma tunda takarda ba ta kai ƙara, bari in faɗa a nan: abin yana damuna, har bayan da na fara aske gemu.

Bayan rasuwar Baba, da Inna ta fita takaba, sai ta bar garinmu Balan ta koma Toranke gidan yayanta, wato Kawu, wanda yake da makarantar Islamiyya. Ita ya damƙa wa ajin matan aure. Ni kuma na gama difloma a fannin kwamfuta na biyo ta, da takardar shaida a leda da wata tsohuwar laftof mai fanka da ke kuka kamar injin markaɗe. Gonar Baba tana can Balan tana jirana. Ban raina noma ba, shi ya raine mu, sai dai an san ni a dangi: in na nome layi, kafin in kai ƙarshensa ciyawar farko ta miƙe tana kallona.

Gara ce ta samo min aiki. Ta shiga akwatin Kawu ta cinye rajistar makaranta, wadda a ciki ake rubuta inda kowane ɗalibi ya tsaya a hadda. Ta ci ajin yara gaba ɗaya, ta ci rabin na matan aure, ta bar bango da zaren ɗinki. Kawu ya daɗe yana juya bangon a hannu, sannan ya dubi laftof ɗina.

"Wannan abin naka, gara tana cin sa?"

Na ce ba ta ci.

"To zuba mana makarantar a ciki."

Na samo wata tsohuwar kwamfutar tebur na ajiye a zauren Kawu, na jona ta da batirin sola. Ita ce saba, wato kwamfutar da ke zaune wuri ɗaya tana miƙa shafi ga duk wayar da ta nema. Shafin kansa bai ba ni wahala ba. Matsalar ita ce ƙofa. Kawu ya ce kowane malami ajinsa kaɗai zai gani, musamman ajin matan aure, kada wani ƙato ya leƙa ya ga matar wane ta shekara a sura ɗaya. Ke nan sai an liƙa wa sabar wani ɗan ƙarin shiri da zai tsaya a bakin ƙofa yana tambayar kowa sunansa da kalmar sirrinsa. Masu sana'ar suna ce masa modul. Ni na sa masa suna maigadi.

Akwai masu gadi da wasu suka riga suka rubuta, kyauta ma, amma duk suna neman adireshin imel, kuma cikin malamanmu tara mutum ɗaya ne mai imel, shi ma ya manta yadda ake shigarsa. Wannan shi ne dalilin da na ba Kawu. Dalilin gaskiya shi ne so nake a ce ni na yi, kuma so nake a faɗa a gaban Inna.

Nakan hau babur in tafi cikin garin Gaya inda netwok ya fi ƙarfi, in zauna a bencin wani mai shayi in sauke darussa, in dawo in yi ta fama. Yaren da ake rubuta irin wannan shiri da shi ba ya yafiya. Ka manta waƙafi guda, ya zazzago maka ƙorafi shafi biyu, kuma ba zai nuna maka inda waƙafin ya ɓace ba, sai ya nuna wani layi can ƙasa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na yi sati uku kafin sabar ta yarda ta ɗauki maigadina ba tare da ta faɗi sumammiya ba.

Maigadi na farko mai tsananin riƙon amana ne. Ya hana kowa shiga, har da ni da na halicce shi. Na ba shi sunana, na ba shi kalmar da ni na koya masa da hannuna, ya ce bai san ni ba. Na biyu kuma ɗan mutunci ne. Na rubuta "akuya" a gurbin suna, na rubuta "dusa" a gurbin kalmar sirri, ya ce barka da zuwa, ya buɗe min makarantar kaf.

Na uku shi ne ya ja min. Ya iya tantance mutane, sai dai yana da wata ɗabi'a: yakan riƙe wanda ya shiga a baya a ransa, ya manna wa na gaba. Na riga na buɗe wa kowane malami gurbinsa, na yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen da na gwada shi ne na Inna. Sai na kira Kawu da taƙama in nuna masa. Ya gyara zama, ya sa tabarau, ya danna abin da na ce ya danna. Shafin ya buɗe da manyan baƙaƙe: Barka da zuwa, Malamar ajin matan aure.

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya mayar, ya sake karantawa. Ɗansa, wanda shi ma malami ne a makarantar kuma taubashina ne, ya fita waje da gudu, ina jiyo shi yana dariya a jikin dalbejiya.

"Shekara sittin da wani abu ina namiji," in ji Kawu, "sai yau na ji sabon labari."

A nan ya kafa min sharaɗi. Ya ce ya ba ni zuwa Asabar ɗin farko ta sabon wata. A ranar, in Inna ta shiga da hannunta ta ga ajinta, ban taɓa mata waya ba, to ya karɓi aikin kuma ni ne mai kula da shi. In ba ta shiga ba, a sayo sabuwar rajista a barbaɗa mata maganin gara, ni kuma damina ta ƙarato, Balan tana jirana.

Na ce, "Kawu, me ya sa Inna? Ga malamai takwas."

"Don ita kaɗai ce na tabbata ba za ta yi maka alfarma ba."

Na gyara mantuwar maigadi, ko in ce na koya masa mantuwa. Daga nan Kawu ya shiga gyaran tarbiyyarsa. Da farko ya ce ba a buɗe wa mutum ƙofa da barka da zuwa tsurarta, sai da sallama. Na sa sallama. Sannan ya ga abin da maigadin ke faɗa in ya ƙi mutum, wanda na fassara yadda na same shi: An hana ka shiga. Kalmarka ba daidai ba ce.

"Haka za ka ce wa mahaddacin Alƙur'ani?"

Na kawo shawarar a rubuta cewa mai gidan ba ya nan. Ya ce wannan ƙarya ce, ba za a koya wa na'ura ƙarya a zaurensa ba. Muka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe muka tsaya a kan magana ɗaya, wadda za ta fito ko mene ne laifin mutum, ba tare da an tona masa asiri ba: Allah ya ba da haƙuri, a sake gwadawa.

Ranar da na tara malamai don su zaɓi kalmomin sirrinsu, maza suna cikin zaure, mata uku suna daga bayan labulen ƙofar shiga gida. Na yi musu bayani cewa maigadi ba ya ajiye kalmar mutum yadda take. Yana barbaɗa mata wasu baƙaƙe da ake kira gishiri, ya niƙe ta, ya ajiye garin. In ka dawo ka ba shi kalma, sai ya sake niƙawa ya gwada gari da gari. Daga gari kuma ba a komawa tsaba, don haka ba wanda zai iya karanta abin da ka zaɓa. Na ce kowa ya nemi abin da ba zai taɓa mantawa ba, wanda kuma ba mai zaton zai zaɓe shi.

Daga bayan labule na ji muryar Inna, ba da ni take ba, da matar da ke kusa da ita take.

"A tambayi wancan, shi ma ba zai gani ba?"

Na ce ko ni ba zan gani ba.

"A sake tambayarsa."

Na rantse.

Washegari malamai takwas suka zaɓa, ban da Inna da ta ce sai ta yi tunani. Kafin azahar na san kalmar kowa. Ba a na'ura na gani ba, su suka faɗa min, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana jin ya yi dabara. Dukkansu bismillah suka sa. Na koma na rubuta wa maigadi doka cewa kada ya karɓi wannan. Labari ya kai wa Kawu kafin in rufe laftof.

"Na ji an ce ka hana bismillah a makarantata."

Na yi rantsuwa na yi bayani har gumi ya jiƙa min riga. Da ƙyar muka daidaita cewa kowa zai yi bismillarsa da baki, yatsa kuma ya rubuta wani abu daban. Suka koma ɗaya biyu uku huɗu, na hana. Suka koma sunan gari, wannan Toranke, wancan Gafasa don can aka haife shi, na hana. Lambar waya, na hana. Duk ƙofar da na toshe sai su taru su sami wata, kuma tare suke shiga.

Sai taubashina ya tashi da tasa fitinar. Ya sanar a tsakar makaranta cewa tunda ni na ƙera ƙofar, ni ne makullin, ya sa sunana. Malamai uku suka bi shi. Aka wayi gari in na gifta sai wani ya ɗaga waya ya ce, "Tsaya, kada ka yi nisa, zan shiga da kai." Na kwana biyu ina haɗiyewa. A na uku na zauna da fushina na rubuta doka ta bakwai: duk kalmar da sunana ya fito a cikinta, a kore ta. Na sa aka sake wa su huɗun kalma, na ji sanyi a raina, na kuma manta da zancen.

Akwai wani shirme da na yi a tsakani wanda har yau matan gidan suke tsokanata da shi. Darussan sun ce a tanadi tambayar da za a yi wa wanda ya manta kalmarsa, suka ba da misalai, ni kuma na kwafo ba tunani. Malamar farko da ta buɗe ta ga an ce ta rubuta sunan mijinta. Ta kife wayar a cinya ta rufe fuska da hijabi. Ta biyu ta zaɓi wata tambayar, ta ga an ce sunan ɗanta na fari. Ta ce, "Wannan na'ura ba a gidan mutunci ta tashi ba." Na cire tambayoyin a ranar, na ce wanda ya manta ya zo ya same ni ido da ido.

Saura kwana huɗu Asabar, Inna ta ce ta gama tunani. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗauko wayarta, wadda ke yin ƙara ƙit duk sanda aka taɓa harafi. Na nuna mata gurbin. Ta ce, "Kai, juya." Na juya na fuskanci turken awaki. Ta lulluɓe wayar da mayafi har da kanta a ciki, ta shiga dannawa da yatsa ɗaya, tana hutawa tsakanin harafi da harafi.

"Ya ce Allah ya ba da haƙuri."

"Sake gwadawa, Inna. Wataƙila yatsa ne ya zame."

Ta sake. Ya sake ba ta haƙuri. Ta yi sau biyar, magariba ta raba mu.

Washegari haka, jibi ma haka. Ni kuwa na riga na yanke hukunci cewa laifin nata ne. Na ce ko tana haɗa manyan baƙaƙe da ƙanana, ta ce ta san baƙi tun ba a haifi wasu ba. Na ce ko kalmar ta yi gajarta, ta ce tsawonta daidai ne. Na ce to ta canja wata mana.

"Wannan nake so."

"Inna, faɗa min ita a kunne, in ga abin da ke damunta."

"Ba kai ka ce kada a faɗa wa kowa ba?"

"Ban da ni."

"Ka ce har da kai. Sau biyu aka tambaye ka."

Taubashina ya riga ya fara aikinsa. Ya samo wata tsohuwar fartanya ya jingina a ƙofar ɗakina, ya ɗaura mata ƙyalle kamar kyautar biki. Ranar Alhamis raina ya ɓaci sosai, na ce wa Inna abin da ban taɓa ce mata ba. Na ce in so take in koma Balan ta faɗa kawai, ba sai ta wahalar da yatsanta ba, tunda dama ban taɓa yin abin da ya burge ta ba. Ta fito da kanta daga mayafin ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba.

"An ce in zaɓi abin da ba zan manta ba, wanda ba mai zaton zan zaɓa. Na zaɓa. Maigadinka ne ba shi da tarbiyya."

Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Da safiyar Juma'a na zauna a zaure gaban sabar, na rasa abin yi. Sai a lokacin na tuna cewa maigadi yana da kundi. Ba ya rubuta kalmar kowa, amma duk wanda ya kora yakan rubuta lokaci da lambar dokar da ta kore shi. Da na duba tun ranar farko da na huta, amma mai tabbacin cewa uwarsa ce ba ta iya ba ba ya duba kundi. Na buɗe na nemo gurbin Inna. Layi goma sha tara ne, na kwana uku, kuma duk lamba ɗaya ce a ƙarshensu, bakwai.

Na ma manta mece ce ta bakwai. Sai da na buɗe shirin na gangara, na wuce bismillah, na wuce sunayen garuruwa, na iske ta inda na rubuta ta da fushi, da sunana a tsakiya.

Fankar laftof tana ta kukanta, wata akuya ta leƙo zauren ta koma. Na ƙirga layukan da yatsa kamar wani zai ce min na yi kuskure. Sau goma sha tara ta lulluɓa da mayafi ta rubuta sunana harafi bayan harafi, sau goma sha tara abin da na ƙera da hannuna ya ce mata Allah ya ba da haƙuri. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, irin kukan da mutum ke yi yana sauraron ko wani na tahowa.

Gyaran layi ɗaya ne. Ban soke dokar ba, don na san taubashina. Na rubuta cewa doka ta bakwai ta hau kan kowa, ban da gurbi guda. A ƙa'idar sana'a sunan ɗan mutum kalma ce mai rauni, kowane darasi ya faɗi haka. Amma waɗanda suka rubuta darussan ba su san Toranke ba. A garin nan kaf ba mai zaton wannan kalmar daga wannan matar, ni kaina da nake ɗauke da sunan ban zata ba.

Da la'asar na same ta tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, laifin maigadi ne. Na yi masa faɗa."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai na faɗa."

Ranar Asabar da hantsi aka taru a zaure. Kawu yana kan buzunsa, taubashina ya shigo da fartanyar ya ajiye kusa da ƙafata. Inna ta zauna a bakin labule, ta ce a ce wa wancan ya juya. Na juya. Na ji ƙit, shiru, ƙit, shiru, har ta gama. Sannan ta miƙo wayar ta gefen labule, Kawu ya karɓa ya sa tabarau. Ya karanta sallamar a bayyane, ya amsa ta cikakkiya kamar mutum ne ya yi masa, ya ga sunayen matan ajin a jere da surar kowacce.

"To, ka tsira," in ji shi. Ya dubi ɗansa ya ce ya mayar da fartanyar mutane inda ya ɗauko ta.

Na saci kallon Inna. Ta dubi bango ta ce, "To."

Har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba, kuma ba za mu tayar ba. Har yau "kai" nake, in na yi nisa in zama "wancan". Malamai da yawa sun kawo min wayoyinsu na kashe musu ƙarar dannawa don tana damun su a aji. Ta Inna ban taɓa ba, ita ma ba ta nema ba. Kullum da safe kafin ta shiga aji takan zauna a bakin ƙofarta ta ja mayafi ta rufe wayar, ni kuma ina ɗakina da kofin koko a hannu, ina ƙirga ƙarar ɗaya bayan ɗaya har baƙaƙen su cika.